Rashin Haihuwa Daga Wajen Miji: Abin da Binciken Likitoci Ya Nuna

A ikilisiyoyinmu na Argungu da Birnin Kebbi da ƙauyukan bakin gulbi, idan aure ya shekara biyu ko uku ba a ji kukan jariri ba, matar ake zuba wa ido. Ita ce ke zuwa ofishin fasto, ita zumuntar mata ke yi wa azumi, ita ke shan saiƙo da jiƙe-jiƙe, ita kuma dangin miji ke yi wa habaici. A shekarun da muka yi muna ba ma'aurata shawara, da wuya mu ga miji ya fara zuwa da kansa. Wannan darasi domin maza ne, da matansu, da dattawan da ake kai wa irin wannan magana.

Me ake kira rashin haihuwa

Hukumar Lafiya ta Duniya tana kiransa rashin haihuwa idan miji da mata suka yi wata 12 suna saduwa a kai a kai, ba sa amfani da wata hanyar hana ɗaukar ciki, amma ciki bai shiga ba. A rahotonta na 2023 ta ce kusan mutum ɗaya cikin manya shida yakan fuskanci wannan a wani lokaci na rayuwarsa, kuma ba wani babban bambanci tsakanin ƙasashe masu arziki da matalauta. Abin da likitoci suka daɗe da tabbatarwa shi ne, a kusan rabin ma'auratan da ke neman haihuwa, akwai hannun matsalar miji a ciki: wani lokaci shi kaɗai, wani lokaci shi da matar tare.

Littafi Mai Tsarki ma bai ɗora wa mace kaɗai ba. A Kubawar Shari'a 7:14, alkawarin albarka ya ambaci namiji da mace dukansu a kan zancen rashin haihuwa. A Romawa 4:19, Manzo Bulus ya yi maganar tsufan jikin Ibrahim kafin ya yi ta mahaifar Saratu. Al'ada ce ta koya mana kalmar "juya" ta ɓoye mana takwararta ta namiji.

Ƙarfin namiji daban, haihuwa daban

Nan ne kuskuren ya fi yawa. Mutum zai ce, "Ni lafiyata ƙalau, ina biyan bukatar iyalina." Gaskiya ya faɗa, amma ba ita ce tambayar ba. Ruwan maniyyi da ido ke gani, mafi yawansa daga wasu 'yan jakunkuna da ke bayan mafitsara yake fitowa, da kuma ƙullin nan na ƙarƙashin mafitsara da likitoci ke kira furostet. Ƙwayoyin haihuwa su kuwa a cikin 'ya'yan maraina ake yin su, kuma ƙanƙantarsu ta wuce ganin ido. Wani mutumin Holan mai suna Antonie van Leeuwenhoek ne ya fara bayyana su a 1677, da madubin da ya ƙera da hannunsa. Saboda haka namiji yana iya zama da cikakken ƙarfi, maniyyinsa da yawa da kauri, amma babu ko ƙwaya ɗaya a ciki. Haka kuma mai rauni wajen saduwa yana iya zama da ƙwayoyi lafiyayyu.

Akwai kuma mai cewa, "Ai na taɓa haihuwa." Haihuwar shekara goma baya ba ta ba da shaidar yau, domin cuta tana iya shiga tsakani.

Ƙwayar haihuwa tana ɗaukar kwana 74 ko kusa da haka kafin ta nuna. Wannan lissafi yana da amfani. Zazzaɓin cizon sauro mai zafi da ya kwantar da mutum a watan Agusta yana iya rage ƙwayoyinsa har zuwa Nuwamba. Kuma duk maganin da aka fara, sai an ba shi kamar wata uku kafin a ga ko ya yi aiki.

Gwajin maniyyi

Gwajin miji ya fi na mata sauƙi da arha nesa ba kusa ba. Ba allura, ba tiyata. Shi ya sa muke ganin rashin adalci ne a bar mace ta yi ta yawon asibiti, ana yi mata hoto da wankin mahaifa, alhali ba a duba mijin ba.

Ana bukatar miji ya ƙaurace wa saduwa na kwana 2 zuwa 7, sa'an nan ya ba da maniyyi a cikin kwalba mai tsabta da ɗakin gwaji zai ba shi. Idan a gida aka tara, sai a kai cikin awa ɗaya, a riƙe kwalbar kusa da jiki, kada rana ta buge ta. Kororon roba na kasuwa bai dace da wannan aiki ba, domin sinadarin da ke jikinsa yana kashe ƙwayoyin. Wasu 'yan'uwa sukan ji nauyin wannan mataki, suna tuna labarin Onan a Farawa 38. A fahimtarmu, laifin Onan shi ne ya ƙi tayar wa ɗan'uwansa zuriya da gangan. Mai ba da maniyyi domin a nemo dalilin rashin zuriya, akasin haka yake yi. Matarsa tana iya kasancewa tare da shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara fitar da littafin ƙa'idar wannan gwaji a 1980, bugu na shida kuma ya fito a 2021. Ma'aunin ƙasa da aka sa a ciki shi ne: yawan ruwa mililita 1.4, ƙwayoyi miliyan 16 a kowace mililita, miliyan 39 a jimla, kashi 42 cikin ɗari suna motsi, kashi 4 cikin ɗari masu kyakkyawar siffa. An samo waɗannan alƙaluma ne daga mazan da matansu suka yi ciki cikin shekara guda, don haka ba katanga ba ce. Akwai waɗanda ke ƙasa da ma'aunin suka haihu. Gwaji ɗaya ba ya yanke hukunci, akan maimaita shi.

Tsargiya, cutar mutanen gulbi

A nan za mu ɗan daɗe, domin wannan tamu ce. Argungu garin ruwa ne. Duniya ta san mu da bikin kamun kifi a Matan Fada, wanda aka fara a 1934, hukumar UNESCO kuma ta sa shi cikin al'adun gado na duniya a 2016. Amma ba ranar biki kaɗai ake shiga ruwa ba. Masunci da homa da gora, manomin shinkafa da ke dashe a fadama ruwa har gwiwa, mai yin bulo a bakin tafki, yaran da ke iyo da tsakar rana a watan Afrilu, kowa yana cuɗanya da gulbi.

Tsargiya tsutsa ce ke kawo ta. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, ya gano ta a Alƙahira a 1851. Mai cutar yakan yi fitsari a ruwa, ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe, ya shiga jikin wata 'yar katantanwa, ya yawaita a can, ya fito ya huda fatar duk wanda ya shiga ruwan. Ba sai an sha ba, taɓawa ta isa. Tsutsar takan girma ta zauna a jijiyoyin jini da ke kewaye da mafitsara, ta yi shekaru tana zuba ƙwai. Ƙwan ne ke yin ɓarna. Nijeriya tana cikin ƙasashen da cutar ta fi yawa a duniya, jihar Kebbi kuma tana cikin inda ake raba maganinta a makarantu.

Kowa ya san alamarta ga yara maza, wato jini a ƙarshen fitsari. A wasu garuruwa har ana ɗauka alamar balaga ce, ana cewa zai daina da kansa. Jinin yakan ragu da girma, amma ƙwan da ya maƙale a nama yana nan. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ba a mafitsara kaɗai yake tsayawa ba. Yana shiga furostet da jakunkunan maniyyi, wani lokaci har bututun da ƙwayoyin haihuwa ke bi. Binciken da aka yi a ƙauyukan Madagaska, wanda aka buga a shekarar 2000, ya sami ƙwan tsutsar a cikin maniyyin maza da dama. Daga baya an sami irin haka ga masuntan bakin Tafkin Malawi, mutanen da rayuwarsu ta yi kama da ta masuntanmu. Alamomin su ne jini a maniyyi, zafi lokacin fitowarsa, canjin kauri ko launi, da raguwar yawansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta lasafta rashin haihuwa cikin illolin da cutar ke iya bari idan ta daɗe. Mata ma tana taɓa mahaifarsu da bututunta, kuma tsohuwar tsargiya tana da alaƙa da sankarar mafitsara.

Maganinta Praziquantel ne, ana auna shi da nauyin mutum, ana sha bayan an ci abinci. Yana kashe tsutsar, amma ba ya hana sake kamuwa, kuma ba ya goge tabon da ya riga ya yi tauri. Saboda haka iyaye kada su hana yara karɓa idan an zo rabawa. Magidancin da ya yi fitsarin jini yana yaro kuwa, ya faɗa wa likita ko da an yi shekara ashirin, domin likitan da ya zo daga wani yanki ba lalle ya tambaya ba.

Sauran dalilai

Ciwon sanyi da ake ɗauka ta wurin saduwa, idan ba a yi masa cikakken magani ba, yakan toshe bututu. Mutum ya sayi kafso biyu a kemis, ruwan ya tsaya, ya ce ya warke, alhali cutar ta haura. Dole a yi wa miji da mata magani tare. A nan koyarwar tsarkin aure da shawarar likita bakinsu ɗaya. Amma mu yi hattara, ba kowane mai wannan matsala ba ne ya yi zunubin da ya jawo ta. Ubangijinmu ya tsawata wa irin wannan tunani a Yohanna 9, a kan wanda aka haifa makaho.

Kumburin jijiyoyin jini a cikin maraina, mafi yawa ta hagu, yana samun kusan kashi 15 cikin ɗari na maza, ya kuma fi haka yawa a cikin masu neman haihuwa. Idan mutum yana tsaye akan ji shi kamar ƙullin tsutsotsi. Tiyata tana gyara shi. Hangum da ya kama namiji bayan balaga yana iya sauka maraina. Yaron da aka haifa ɗan marainansa bai sauko ba, a kai shi asibiti tun bai wuce shekara ɗaya ba. Ciwo mai tsanani da ya zo farat ɗaya a maraina, musamman ga saurayi, yana iya zama murɗewar jijiya, kuma awa shida ne kawai ake da su kafin ɗan marainan ya mutu. Ciwon suga, sikila, gwaiwa da ta girma, duk suna da nasu tasiri. Wasu kuma haka aka halicce su, kamar masu ƙarin ƙwayar gado guda, abin da ke samun kusan namiji ɗaya cikin 600.

Maraina suna rataye a waje ne domin suna son sanyi kaɗan fiye da sauran jiki. Direban doguwar tafiya, mai gashin burodi, maƙeri, su kula da zafi da matsattsen wando. Taba, giya mai yawa, wiwi da tiramol suna rage ƙwayoyi. Mai feshin maganin ƙwari a gonar shinkafa ya rufe jiki da hanci, ya yi wanka da sabulu bayan aiki.

Sai maganin ƙarfin maza da ake tallarsa da lasifika a tasha da kasuwa. Ko da ya ƙara kuzari, ba ya ƙara ƙwaya. Allurar sinadarin maza, testosteron, ita ma tana yin akasin abin da ake nema: tana sa jiki ya daina yin ƙwayoyin, har masu bincike sun gwada ta a matsayin hanyar hana haihuwa ga maza.

Wani babban nazari da Hagai Levine da abokan aikinsa suka fitar a 2022 ya ce yawan ƙwayoyin maza a duniya ya ragu da fiye da rabi tsakanin 1973 da 2018. Masana suna ta muhawara a kansa, kuma alƙaluman da aka samu daga Afirka kaɗan ne a ciki. Ba ma son a mai da shi wa'azin tsoratarwa.

Inda za a je

A fara da babban asibitin Argungu ko Asibitin Tunawa da Sir Yahaya a Birnin Kebbi, domin gwajin fitsari da na jini da duba jiki. Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Birnin Kebbi da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato suna da likitocin mafitsara da al'aurar maza. Ko wanda ƙwayoyinsa suka yi ƙaranci ƙwarai yana da sauran hanya, domin tun 1992 likitoci a Beljiyam suka nuna ana iya ɗaukar ƙwaya guda a sa ta cikin ƙwan mace. Ana yin wannan a Abuja da Legas, amma da tsada, kuma ba kullum yake ci ba. Kafin a shiga, ma'aurata su tambayi abin da za a yi da 'yan tayin da suka rage. Zancen karɓar maniyyin wani kuwa, a zauna da fasto tukuna, kada a yi shi a ɓoye wa juna.

Ga dattawa da masu bishara: idan mace ta kawo wannan kuka, kada a fara shawara sai an kira mijin. Sakamakon gwaji sirrin su biyu ne, ba na kwamiti ba, ba kuma abin sanarwa a lokacin roƙon addu'a ba. Idan dangi suka fara matsa wa miji ya saki matarsa ko ya ajiye wata a waje, dattijo ya tambaye shi a keɓe ko ya taɓa yin gwaji. Mun san gidan da aka yi shekara bakwai ana zargin matar, ranar da takarda ta fito mijin ya kasa ɗaga kai, ita ce kuma ta riƙe masa asiri har yau. Suna riƙon 'ya'yan ƙanensa biyu da ya rasu.