Auna ruɓaɓɓun abubuwa a cikin ruwa da hasken UV

Auna ruɓaɓɓun abubuwa da hasken UV hanya ce ta gano yawan ragowar ganyaye, ciyayi, kashin dabbobi da ƙazantar gari da suka narke a cikin ruwa. Ana kiran ma'aunin UV254, saboda tsawon igiyar hasken da ake amfani da shi nanomita 254 ne, kuma ido ba ya ganinsa. Kalmar "ruɓaɓɓu" ba ta cika kama ma'anar ba: abin nufi shi ne sinadarai masu ɗauke da kabon da suka samo asali daga abu mai rai, ko ruwan ya yi wari ko bai yi ba.

Yadda na'urar ke aiki

Fitila, galibi ta zaiba, tana harba haske ta cikin ruwan, sai wani ma'auni a ɗaya gefen ya karanta abin da ya ƙetare. Gwargwadon yawan narkakkun abubuwan, gwargwadon hasken da ruwan zai shanye. Sinadaran da ke ba ruwan fadama launin shayi su ne suka fi shanye shi. Sakamako yana fitowa nan take, alhali tsohon gwajin BOD sai an jira kwana 5.

Muhimmancinsa

Sinadarin kulorin da ake kashe ƙwayoyin cuta da shi yana haɗuwa da waɗannan abubuwa ya haifar da wasu sinadarai masu illa, kamar kulorofom. Johannes Rook ne ya bayyana haka a 1974 a ruwan birnin Rotterdam na ƙasar Holan. Shi ya sa ake so a rage su da alam kafin a zuba kulorin, kuma UV254 yana taimaka wa ma'aikaci ya san adadin alam ɗin da zai sa.

A Zariya, Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru tana tace ruwan shanta daga madatsar Kubanni, kogin kuma yana gangarawa ta gefen Sabon Gari kafin ya haɗu da Galma. Ruwan sama na farkon damina yakan wanko taki daga gonaki da sharar kwatoci zuwa cikin irin wannan kogi, ta yadda ruwan safe kan bambanta da na yamma. A nan gwajin kwana 5 ya makara.

Iyakokinsa

Laka tana tare haske, sai na'urar ta nuna adadin da ya zarce gaskiya. Don haka a ɗakin gwaji ake tace ruwan da matata mai ƙofofin maikuromita 0.45, wasu na'urorin kuma suna da haske na biyu da ke cire tasirin lakar. Narkakken ƙarfe ma yana rikita sakamakon. Sukari da barasa kuwa kusan ba sa shanye wannan haske, sai su wuce ba a gani ba.

Ma'aunin ba ya ƙirga ƙwayoyin cuta. Ruwan rijiya na iya nuna UV254 kaɗan alhali yana ɗauke da ƙwayar taifot ko kwalara.