Ganyen Adar a taskokin Turai

Tun da Faransa ta mayar wa Jamhuriyar Benin kayan tarihi 26 a 2021, ana ta muhawara kan dukiyar Afirka da ke Turai. Amma ba a cika tuna busassun ganyaye da furanni da aka danne, aka manna a takarda, aka jibge a Paris da Landan ba.

Wannan dabara a Italiya ta samo asali, a ƙarni na 16. Ta iso mana ta hannun matafiya irin su Dakta Oudney, abokin tafiyar Clapperton, wanda ya yi ta tsintar tsirrai har ajali ya cim masa kusa da Katagum a 1824. Ayarin Tilho, da ya shata iyakar Nijar da Najeriya daga 1906 zuwa 1909, shi ma ya koma Paris da nasa.

Wanda ya fi zurfafawa shi ne Dakta Dalziel, likitan mulkin mallaka a Arewacin Najeriya. Ya aika da tsirrai taskar Kew da ke Landan, ya fitar da ƙamus na sunayensu da Hausa a 1916, sannan babban littafinsa kan amfaninsu a 1937. A Nijar kuwa, sai 1976 Peyre de Fabrègues da Lebrun suka jera tsirran ƙasar a kundi guda.

Wasu na cewa son ilimi ne zalla, wasu na cewa sata ce. A ganina bukatar mulki ce ta haifi aikin: neman magani, abincin dabbobi da kayan ciniki irin su ƙaro. Shi ya sa Dalziel ya nace wa sunan Hausa da amfani, kuma makiyaya, masu magani da mata ne suka sanar da shi.

Ko ma mene ne dalilin, yau takardun nan shaida ne. Farin 1973 da na 1984 sun cinye tuddan Adar na Keita, Buza da Madawa, har aka kafa Shirin Keita a 1984 da kuɗin Italiya don farfaɗo da ƙasa. Mai dashe a kwarin Majiya na bukatar sanin inda anza, geza, sabara da dashi suke a da.

Hukumomi su nemo hotunan waɗannan takardu, su ajiye a jami'ar Tawa. Ɗalibanmu kuma su hau duwatsu tare da dattawa, su tara namu tun masu sanin sunayen suna raye.