Ƙwarangwal a Dandalin Kiɗa: Daga Nowe zuwa Ankara

Kiɗan da ake kira black metal ya samo sunansa daga faifan da ƙungiyar Venom ta Ingila ta fitar a 1982. A ƙasar Nowe ya yi ƙamari. 'Yan Mayhem, wadda aka kafa a 1984, sukan shafe fuska da fari da baƙi kamar gawa, suna waƙar mutuwa da duhu. Abin bai tsaya a waƙa ba: a 1992 aka ƙone tsohuwar majami'ar Fantoft, a 1993 kuma Varg Vikernes ya kashe Euronymous, jagoran Mayhem.

Don haka dattijon Nima ko Maamobi da ya ga 'yan Dark Suburb, makaɗan nan Ankara masu rufe fuska da siffar ƙwarangwal, ba mamaki ya yi a'uziyya. Sai dai kama da wane ba wane ba ne. Su kiɗan rock suke yi, da yawun mazauna unguwannin talakawa. Ƙwarangwal ɗin hujjarsu ce: in aka tuɓe fata, ɗan Zango da ɗan East Legon ƙashi ɗaya ne.

Iyaye, kafin ku hana yaro sauraro ko ku ƙyale shi, ku bincika abin da ke bayan fuskar.