Acaɓa da Hular Kwano a Jama'are da Azare

Sana'ar acaɓa ta bunƙasa a garuruwan Arewa bayan tsarin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Babangida a 1986, lokacin da motar haya ta yi tsada, aikin yi kuma ya yi wa matasa wuya. A Jama'are da Azare, waɗanda ke kan babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri, babur ne ke ɗauko buhun gero daga ƙauye ranar kasuwa, shi ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare. Shigowar Jincheng mai araha daga Sin, sannan Bajaj daga Indiya, ta sa sana'ar ta game gari.

Hular kwano kuwa ba ta samu irin wannan karɓuwa ba. Ranar 1 ga Janairun 2009 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sanya ta ga direba da fasinja. A Kano har an ga masu kifa ƙwarya a ka don kauce wa kamu. Fasinjoji na ƙyamar hular da kowa ya sa, saboda makero da ƙwarƙwata, wasu kuma na tsoron asiri. Kukan 'yan acaɓa shi ne zafi da toshewar numfashi.

Wannan kuka yana da tushe, musamman ga hular da ke rufe fuska har haɓa. Iskar kabon dayoksaid kusan kashi 0.04 cikin 100 ce a sarari, amma a numfashin da mutum ke fitarwa takan kai kashi 4. Idan gilashin hular na rufe kuma babur na tsaye, wani ɓangare na wannan numfashi yakan maƙale tsakanin baki da mariƙin haɓa, a sake shaƙar sa. A zafin bazara, da kan haura digiri 40 a wannan yanki, mai jiran fasinja a tasha yakan ji kansa ya yi nauyi, gumi na tsatstsafo masa. Da zarar an kama hanya, iska na shiga ta ƙofofin hular ta kori numfashin da ya maƙale.

Gwamnatin Bauchi, jihar da Jama'are da Azare suke, ta haramta acaɓa a 2020, amma baburan sun dawo tituna, akasarin masu tuƙa su da kai a buɗe. Maganin cunkushewar numfashi ɗaga gilashi ne yayin tsayuwa. Fashewar kai a kan kwalta kuwa sau da yawa ba ta da magani.