Kuɗi ko Lokaci: Nazarin Zaɓen Jami'a a Dutse da Kewayenta

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda iyaye a Dutse da tsakiyar Jigawa ke auna jami'ar gwamnati da jami'ar kuɗi. Ta nuna cewa babbar hajar da jami'ar kuɗi ke sayarwa ita ce tabbacin ranar kammala karatu, kuma masu ƙarfin sayen wannan haja a yankin ba su da yawa.

Shimfiɗa

Tun daga 1991 da aka ƙirƙiro Jigawa, sai da ta shekara kusan 20 ba ta da jami'a ko ɗaya. Ɗan Dutse ko Kiyawa ko Jahun da ya ci JAMB akwatinsa yake ɗauka ya nufi Bayero a Kano ko Ahmadu Bello a Zariya. A 2011 gwamnatin Goodluck Jonathan ta kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse, a 2013 jiha ta buɗe tata a Kafin Hausa, wadda yanzu ke amsa sunan Sule Lamido. Sai a 2021 hukumar NUC mai kula da jami'o'i ta ba Jami'ar Khadija, jami'ar kuɗi da ke Majiya a ƙaramar hukumar Taura, lasisi. Daga nan ne zaɓi tsakanin ta gwamnati da ta kuɗi ya shigo cikin gida.

Abin da ake aunawa

Jami'ar tarayya ba ta karɓar kuɗin koyarwa. Ɗalibi na biyan kuɗin rajista ne da na ɗakin kwana, ragowar nauyin yana wuyan baitulmali, gine-gine da yawa kuma asusun TETFund ne ke yi, wanda ba ya leƙa jami'o'in kuɗi. A jami'ar kuɗi kuwa, albashin malami da man janareta da littafin laburare duk daga aljihun uba suke fita. Bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024 ya ƙara faɗaɗa tazarar, domin ɗaliban makarantun gwamnati kaɗai yake biya wa rajista, har da naira 20,000 duk wata na kashewa.

To me zai sa uba ya waiwayi mai tsada? Amsar tana cikin kalanda. A 2020 ƙungiyar malaman jami'o'in gwamnati, ASUU, ta yi yajin aiki na wata 9, a 2022 ta sake yin na wata 8, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Ɗalibin da yajin biyu suka rutsa da shi ya yi asarar wata 17 yana zaune a gida, alhali takwaransa na jami'ar kuɗi bai rasa zango ɗaya ba saboda yaji. Wannan asara ba ta fitowa a rasit, amma ana jin ta. Wanda ya haura shekara 30 kafin ya gama ba ya zuwa bautar ƙasa. Ga kuma budurwar da aka ce sai ta kammala za a ɗaura mata aure. A gidaje da dama wannan lissafi ya fi na naira nauyi, ko da yake ba kasafai ake faɗinsa a fili ba.

Sai dai lokaci haja ce ta mai hali. Ma'aikacin da ke kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, ko manomin riɗi da kuɗi ke shigo masa sau ɗaya a kaka, ba ya cikin wannan ciniki tun farko, balle bayan cire tallafin mai a Mayun 2023. Masu halin kuma hankalinsu na iya tafiya Kano, inda jami'o'in kuɗi na Skyline da Maryam Abacha suke, ko Al-Qalam a Katsina.

A ganin wannan nazari, ƙarancin masu saye a gida na taimakawa wajen fahimtar abin da ya faru a Majiya. A 2024 majalisar zartarwar jiha ƙarƙashin Gwamna Umar Namadi ta amince da sayen Jami'ar Khadija a kan naira biliyan 11, shekara 3 kacal bayan samun lasisinta.