Baba Yohanna Gowon na Wusasa: Kakan da Ya Riƙe Amana

Kowace ikilisiya tana da kakanninta, wato dattawan da suka fara karɓar bishara a lokacin da karɓarta take da tsada. Da yawansu ba a rubuta sunayensu ba. Ɗaya daga cikin waɗanda tarihi bai manta da su ba shi ne Baba Yohanna Gowon, wanda mutanensa Angasawa suke kira Nde Yohanna.

Asalinsa mutumin Lur ne, a ƙasar Kanke ta Jihar Filato ta yau. Turawan mishan na CMS sun sauka a Panyam a 1907, suka buɗe tasha a Kabwir, cikin ƙasar Angas, a 1910. Yohanna yana cikin mutanen ƙasar na farko da suka ba da gaskiya ga Yesu Almasihu. Ya koyi karatu, ya zama mai bishara. A zamanin nan wanda ya bar tsafin gidansu yakan sha gori da tsangwama daga dangi. Ya auri Matwok Kurnyang, suka kafa gida na masu bi, Allah kuwa ya ba su 'ya'ya 11. Na 5 a cikinsu shi ne Yakubu, wanda aka haifa ran 19 ga Oktoba, 1934.

A 1930 CMS ta miƙa aikinta na ƙasar Filato ga mishan ɗin SUM. Bayan wannan canji, tun Yakubu yana ƙaramin yaro, Yohanna ya kwashi iyalinsa ya nufi Wusasa, kusa da birnin Zariya, domin ya ci gaba da aikin Ubangiji. Ba ƙaramin abu ba ne magidanci ya bar gonar ubansa da harshensa, ya koma baƙo a ƙasar Hausa.

Wusasa kuwa sabon mazauni ne a lokacin. Dokta Walter Miller ya zauna a cikin birnin Zariya tun 1905, sai a 1929 mishan ya ƙaura zuwa gindin dutsen Wusasa. A can aka gina majami'ar St. Bartholomew da jar ƙasa, ginin Hausa sosai, aka kafa makaranta da asibiti. Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, ya zama makami a hannun masu bishara irin Yohanna.

Aikin mai bishara na wancan zamani aikin ƙafa ne. Yakan bi ƙauyuka rani da damina, ya yi wa'azi, ya gai da marasa lafiya, ya koya wa masu neman baftisma. Albashi kaɗan ne, baki kuwa da yawa a gida, sai an haɗa da fartanya. Daga baya Baba Yohanna ya yi hidima a asibitin mishan, bai kuwa raina aikin ba. Dukiyar da ya tara wa 'ya'yansa ita ce tsoron Allah da makaranta.

Mai haƙuri, in ji Hausawa, yakan dafa dutse ya sha romonsa. Yakubu ya yi karatu a Wusasa da Kwalejin Barewa, ya shiga soja, ya zama shugaban Nijeriya ran 1 ga Agusta, 1966, bai cika shekara 32 ba. Yaƙin basasa ya ɓarke a 1967. Da ya ƙare a Janairu 1970, ɗan mai bisharar nan ya ƙi hanyar ramuwa, ya yi shelar cewa ba wanda ya ci nasara, ba kuma wanda aka ci, 'yan'uwa ne suka sake haɗuwa. Wanda ya san gidan da ya tashi ba zai yi mamaki ba, gama barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Mulkin ɗa bai ɗauke tsohon daga Wusasa ba. Ya zauna cikin jama'arsa, 'ya'ya da jikoki kewaye da shi, har Ubangiji ya kira shi gida a 1973.

Irin waɗannan kakanni suna nan a kowace ikilisiya, daga Zariya har Maraɗi da bakin Kwara. Yawancinsu ba su haifi shugaban ƙasa ba, amma amanar da suka riƙe ɗaya ce. Ya kamata jikoki su zauna da dattawan da suka rage, su rubuta labarinsu tun suna da rai. Allah ya ba mu ikon bin sawunsu. Amin.