Tarihin Ƙwallon Guragu a Nijeriya

Ƙwallon guragu, wadda takardun hukuma ke kira Para-soccer, wasa ne da waɗanda shan inna ta shanye wa ƙafafu ke yi a zaune kan katako mai taya, suna bugun ƙwallo da hannu. Misbahu Lawan Didi, mutumin Kano da cutar ta kama tun yana ƙarami, shi ya ƙirƙiro wasan a 1988, kuma shi ya daɗe yana jan ragamar ƙungiyarsa ta ƙasa.

A lokacin, wasannin naƙasassu sun riga sun yi nisa a ƙasashen Turawa. Likita Ludwig Guttmann ya shirya gasa a asibitin Stoke Mandeville na Ingila a 1948 domin sojojin da suka ji rauni a laka, daga nan aka samu gasar Paralympics ta farko a birnin Rum a 1960. Tseren keken guragu ya shiga gasar a Tokyo a 1964, da mita 60 kacal. A 1975 Bob Hall ya kammala gudun fanfalaki na Boston a kan keke cikin ƙasa da awa uku. Sai dai keken tsere na zamani, dogo mai taya uku, kuɗinsa dubban daloli ne, kuma yana son fili mai santsi. Wanda bai mallaki ko keken zuwa kasuwa ba, ina zai gan shi? Nijeriya ba ta halarci Paralympics ba sai a Barcelona a 1992, kuma har yau yawancin lambobinta daga ɗaga ƙarfe suke fitowa.

Hikimar Didi ita ce bai jira kayan waje ba. Katakon da guragu ke yawo a kai a tasha da bakin danja, wanda kafinta zai haɗa da guntun falanki da tayoyi ko boris, shi ya mayar kayan wasa. Ɗan wasa yakan naɗe ƙafafunsa a kai, ya zura hannuwa cikin silifa don kada siminti ya ɗaye masa tafi, sannan ya tura ƙasa da ƙarfin damtse. Da silifar yake gudu, da ita yake taka birki, da ita yake harba ƙwallo. Ana buƙatar daɓe, shi ya sa aka fi yi a filin ƙwallon kwando ko na ƙwallon hannu. Ƙarar boris a kan siminti da karon katako da katako kan cika wuri. Wanda ya je kallo da niyyar tausayi, yakan ɓige da ihun a ci.

Wasan ya bazu zuwa jihohi da dama, musamman na Arewa inda shan inna ta fi yin ɓarna, kuma akwai makamancinsa a Ghana. Ana shirya gasa a Abuja albarkacin Ranar Yaƙi da Shan Inna ta Duniya, 24 ga Oktoba, da tallafin ƙungiyar Rotary.

A nan ne tarihin wasan ya haɗe da na rigakafi. A 2003 aka dakatar da ɗiga wa yara maganin shan inna a Kano saboda raɗe-raɗin yana hana haihuwa, ba a koma ba sai Yulin 2004, bayan cutar ta tsallaka ƙasashe da yawa. Didi, wanda ya shugabanci ƙungiyar waɗanda shan inna ta shafa ta Nijeriya, ya shiga cikin masu wayar da kai. Jawabinsa ga 'yan'uwansa shi ne su bar bara su kama sana'a da karatu. Ga iyaye kuwa, su miƙo yara. Magidancin da zai kori ma'aikacin lafiya da wuya ya iya haɗa ido da wanda ya jawo jiki har ƙofar zaurensa yana nuna masa ƙafafunsa. Sarakuna ma sun sa baki, ta kwamitin da aka kafa a 2009 ƙarƙashin inuwar Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar. A Nijeriya, an ga nau'in shan inna na daji na ƙarshe a Borno a 2016, aka kuma ayyana Afirka ta rabu da shi ranar 25 ga Agusta, 2020.

Wasan dai bai shiga jerin wasannin Paralympics ba, kuma 'yan wasansa na fama da rashin fili da kuɗin mota, duk da dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci da aka sa wa hannu a Janairun 2019. Aikin wayar da kan ma bai ƙare ba. Wani nau'in ƙwayar cutar na ci gaba da ɓulla a Sakkwato da Zamfara, kuma a ƙauyukan Wurno, Rabah da Goronyo matsalar 'yan bindiga na hana masu rigakafi isa ga yara da yawa.